Sunan da Na Kira a Filin Jirgi

Lokacin da aka mai da Jalingo babban birnin jiha, muna zaune ne a bakin gari ta wajen hanyar Kona, kuma abin da ya fi kusa da gidanmu shi ne filin jirgi. Kada wanda ya ji an ce filin jirgi ya zaci wani babban abu ne. Dogon fili ne miƙaƙƙe da aka shafa wa kwalta, ciyawa ta cinye gefe da gefensa, babu ko shinge. Akwai ɗaki ɗaya mai rufin kwano inda wani tsohon maigadi yake zama da usur a wuya, sai wani dogon ƙarfe da aka rataya wa ƙyalle mai kama da ƙafar wando, iska tana hura shi.

Sai a daɗe jirgi bai sauka ba. Mu kuwa matan unguwa sana'armu turara shinkafa, kuma shinkafar da aka turara ba ta son komai sai rana da wuri mai faɗi. A tsakar gida kaji su hana ki sakat, a bakin titi manyan motoci su watsa miki tsakuwa. To ina za mu ga kwalta shimfiɗe tana ƙuna a banza mu ƙyale ta? Can muke shanya. Maigadi ya yi faɗa har ya gaji, daga baya ya koma karɓar ɗan abin tuwo a hannunmu. Kuma akwai ƙa'ida da kowa ya sani: in jirgi zai zo, mota ce take fara zuwa daga gari da masu taryar baƙi. Da mun hango ta, maigadi ya busa usur, mu kwashe shanya a tsanake, makiyaya su kora shanunsu. Ba a taɓa samun matsala ba.

Jirgin da ya fi zuwa guda ɗaya ne, fari mai shuɗin layi a ciki, da farfela biyu, kowane fiffike da tasa. Maigidana birkila ne a wajen da ake gina sababbin ofisoshin gwamnati, shi ya gaya mini wai jirgin shata ne, 'yan kwangila da manyan 'yan kasuwa suke ɗaukarsa daga Kaduna ko Legas kamar yadda ake shatar tasi, kuma mutanen da yake ɗauka ba su kai na ƙaramar bas ba. Ni abin da na sani game da shi kukansa ne da warinsa. Kukan yakan fara siriri kamar shewa, ya yi ta hawa har sai kin ji shi a haƙoranki. In ya tashi kuma ya bar warin kananzir, wanda in ba ki rufe buhu da wuri ba sai ya kama shinkafa.

A lokacin ina da ɗa guda, ɗan fari, ya ɗan wuce shekara biyu. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta zancensa, in ya faɗi ma sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗauke shi. Haka uwata ta yi wa yayana, haka na tashi na gani. Nawa kuma nauyin biyu ne, don sunan marigayi surukina aka sa masa, sunan da ko a bakin wani na ji shi sai na sunkuyar da kai. Surukata, wadda muke kira Dada, ita ce mai shi. A ɗakinta yake kwana tun da aka yaye shi, tana ce masa angona. Ubansa yana ce masa Baffa. Ni kuwa in dole ta kama sai in ce yaron Dada, ko in miƙa hannu in jawo shi ba tare da na ce komai ba.

Bakina ne ba ya kiransa, amma idona kullum yana kansa. Da zafin bazarar da ta wuce ya yi wani zazzaɓi mai tsanani har wuyansa ya sandare, muka kwana da shi a asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsa. Kafin ciwon yana cewa da-da-da, yana juyowa in an tafa masa. Bayan ciwon sai surutun ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ranar da murfin tukunya ya kuɓuce mini ya faɗi a bayansa, ni na razana, shi bai motsa ba. Da damina aka yi wata tsawa da ta sa 'ya'yan maƙwabta kururuwa, shi yana zaune yana wasa da ludayi. Amma in ana daka, sai ya zo ya jingina bayansa da turmi yana dariya, sai in ce wa zuciyata to ai ga shi yana ji.

Sau ɗaya na gwada faɗa wa Dada, a kaikaice. Na ce yaron nata kamar ba ya amsa kira. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tambaye ni yaushe na fara sa masa ido haka, ko kunyar ce ta ƙare a duniya. Sai ta yi dariya ta ce angonta miskili ne kamar mai sunansa, wanda sai an kira shi sau uku yake ɗaga kai, kuma uban yaron ma sai da ya kusa shekara uku ya yi magana. Da na gaya wa maigidana, ya ce Dada ta fi mu sanin yara.

Ranar da abin ya faru, ƙarshen damina ne, rana ta fito tun da safe da zafinta. Na fita da shinkafata tare da maƙwabciyata, wata 'yar Mumuye da ta girme ni, Kirista ce, ina ce mata Adda. Ita ta koya mini turara shinkafa ba tare da ta dafe ba. Hausarta ba ta raba namiji da mace, kullum muna tsokanarta, ita kuma ta ce ai ciniki take yi da Hausar, ba aure ba. Dada ma ta biyo mu da yaron a bayanta, wai ɗaki ya yi mata zafi. Ta shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin wata ɗorawa a gefen filin, ta sauke shi, ta ba shi gwangwanin madara ya yi wasa.

Mata da yawa sun fito ranar. Shanya ta rufe kusan rabin kwaltar, kowa da iyakarta. Muna ja da ƙafa muna juya shinkafar, Adda tana ba mu labarin wani mai injin casa a Mayo Gwoi da ya ce zai aure ta in ta yarda ta daina yi masa gardamar awo. Can gaba wasu shanu suna kiwo a bakin kwaltar.

Babu motar da ta zo. Abin da na fara ji shi ne shewar nan siririya, daga wajen duwatsu. Na ɗaga kai, na ga jirgin ya riga ya sauko ƙasa-ƙasa, ya miƙo kanmu. Maigadi ya fito daga ɗakinsa da gudu, ba hula, yana busa usur ɗin da babu mai jinsa. Jirgin bai sauka ba, ya bi ta saman kanmu da ruri, har na ga ƙusoshin da ke cikinsa da baƙin tabo a bayan injinansa. Shanu suka watse cikin ciyawa. Ya tashi sama ya fara kewayawa, muka gane cewa gargaɗi ya yi mana, dawowa zai yi.

Ban taɓa ganin kwasar shanya irin ta ranar ba. Wata da tsintsiya, wata da tafin hannu, wata ta kwance zanen goyonta tana turawa a ciki. Shinkafar wannan ta shiga ta waccan, babu mai tambaya. Ni ma na durƙusa ina tura tawa a buhu, kwalta tana ƙona mini gwiwa. Dada ta taso daga gindin ɗorawa ta zo tana riƙe mini bakin buhu, tana cewa in yi sauri. Muka ja buhun zuwa cikin ciyawa. Kafin jirgin ya gama juyowa, mun bar kwaltar fayau sai ɓarɓashi.

Sai na dubi tabarmar. Gwangwanin yana nan, yaron ba ya nan.

Na duba cikin matan, na duba bayan ɗorawa. Adda ce ta kama kafaɗata ta juya ni, ta nuna da hannu. Yana can nesa da mu, a tsakiyar kwaltar, wajen da wata ta zubar da shinkafa garin gudu. Ya tsuguna yana tsintar ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya yana tarawa a tafin hannunsa, kamar yadda ya ga muna yi. Ya ba jirgin baya. Jirgin kuwa ya saki ƙafafunsa, ya daidaita da filin, fitilunsa biyu suna haske da rana tsaka.

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na kira sunansa. Sunan surukina, cikakke, da iyakar ƙarfin da Allah ya ba ni, a gaban Dada da matan unguwa da maigadi. Tun da na haife shi ban taɓa furta shi ba, har na ji shi baƙo a bakina. Na sake kira ina gudu, zanena yana harɗe ni, na sake kira. Sauran mata ma suka ɗauka, wasu suna cewa yaro, wasu suna tafi, maigadi yana busa usur kamar zai fasa shi. Ƙarar jirgin ta cika duniya har ƙasa tana rawa a tafin ƙafata.

Bai juyo ba. Ko kafaɗarsa ba ta motsa ba. Ya kai hannu ya ɗauki wata ƙwayar.

Ina cikin gudun na san ba zan kai ba. Na ga tayoyin jirgin sun kusa taɓa kwalta, sai kukansa ya canza, ya zama wani irin gurnani mai nauyi, hancinsa ya ɗaga. Ya wuce ta saman yaron. Inuwarsa ta rufe shi, iskar ta ture shi ya zauna daɓas, shinkafar hannunsa ta watse. A lokacin ne ya ɗaga kai. Ya bi jirgin da ido yana tafiya sama, ya buɗe baki yana dariya, yana nuna shi da yatsa.

Na iso na faɗi a kansa. Na shafa kansa, na shafa bayansa da ƙafafunsa, babu ko ƙwarzane. Ya dube ni yana mamakin abin da ya sa nake haki, ya nuna mini sama don in ga abin da ya gani. Na san ya kamata in yi hamdala, kuma na yi, amma abin da ke kaina shi ne bayansa da na gani, yadda ya tsaya cik alhali shanu ma sun gudu.

Adda ce ta fara isowa. Ta tsaya a kanmu tana numfashi, ta dubi yaron, ta dube ni. Ta ce a hankali, “Ƙanwata, yaro nan ba ta ji.”

Ranar babu wanda ya yi dariyar Hausarta.

Sai a zagaye na uku jirgin ya sauka, bayan maigadi ya bi filin da gudu ya tabbatar babu ko akuya. Ya gangaro ya tsaya kusa da ɗakin kwano, farfelun suka yi ta raguwa har na iya ganin fukafukansu ɗaya-ɗaya. Ƙofar ta buɗe daga gefe ta zama matakala. Direban jirgin ne ya fara fitowa, wani baƙin mutum siriri da farar riga, ya nufo mu kai tsaye. Na zaci zagi zai yi. Da ya iso sai ya tsuguna a gaban yaron. Ya yi magana da Turanci, wani Alhaji cikin fasinjojin ya fassara mana. Wai da ya hango abu a kan kwaltar ya ɗauka ƙwarya ce aka manta, sai da ya matso ya ga ƙwaryar tana da hannu.

Kafin kowa ya amsa, Dada ta karɓe yaron daga hannuna ta rungume. Ta ji abin da Adda ta faɗa. Ta fuskanci Alhajin ta ce jirginsu ya fasa wa jikanta kunne. Ta ce lafiyarsa ƙalau ta goyo shi ta kawo shi, yanzu ga shi ana magana ba ya ji. Matan da ke bayanmu suka ce ƙwarai, wannan ƙara ko babba ta kurmantar da shi. Maigadi, da yake neman inda zai sauke laifi, ya ce shi ma kunnensa na hagu ya toshe. Motar masu tarya ta iso a lokacin, suka fito suna tambayar me ya faru, taro ya ƙara girma. Alhajin ya fassara wa direban, na ga fuskar mutumin ta zube.

Alhajin ya tambaya wace ce uwar yaron. Aka nuna ni. Ya ce, “Baiwar Allah, kafin yau yana ji?”

Uwar ɗan fari ba ta amsa irin wannan tambaya, kakarsa ce take amsawa. Dada tana kallona, matan unguwa suna kallona, kuma duk sun ji abin da na kira ɗazu. Da na sunkuyar da kai na yi shiru, da an ce na dawo cikin hankalina. Amma in aka tafi a kan cewa jirgi ne ya jawo, za a kai shi wajen mai magani a ɗiga masa mai a kunne a jira ya buɗe, a yi ta jira.

Na ce, “Ba jirgi ba ne. Tun zazzaɓin bazara ne. Jirgin yana bayansa bai juya ba, sai da inuwa ta taɓa shi.”

Wata tsohuwa ta ce a'uzubillahi, ban san ko don maganar ba ne ko don ni na faɗe ta. Direban ya saurari fassarar, sai ya zagaya bayan Dada, ya ciro makullai daga aljihunsa ya kaɗa su dab da kunnen yaron, dama da hagu. Yaron yana kallon farfelar jirgin. Mutumin ya mai da makullansa. Ya ce ta bakin Alhajin a kai shi babban asibiti a Yola, wajen likitan kunne, kada a tsaya. Dada ta juya ta goya yaron, ta ɗauki tabarmarta ta kama hanyar gida. Na ɗora buhuna na bi ta, Adda tana bayana.

A gida Dada ta sauke shi a tsakar gida, ta ba shi ludayinsa. Na shiga madafa na tsaya, ban san abin da na shiga yi ba. Ta ƙofar ina ganinta. Ta shiga ɗakinta ta fito da babban faranti na tasa, wanda ake jera kwanonin baƙi a kai. Ta lallaɓa ta bayansa kamar mai kama kaza, ta ɗaga farantin sama, ta sake shi a kan dutsen wanki. Kaji suka tashi sama, jaririn maƙwabta ya fasa kuka ta bayan katanga. Yaron yana ta haƙa ƙasa da ludayi.

Dada ta tsaya tana kallon ƙeyarsa. Ta ce angona, a hankali. Ta ƙara cewa angona. Sai ta zauna a ƙasa inda take, ba tabarma, ta miƙe ƙafa kamar wadda aka kawo wa saƙon mutuwa. Ban taɓa ganin Dada zaune a ƙasa ba.

Muna nan a haka har la'asar, ban ɗora tukunya ba, ita ma ba ta ce in ɗora ba. Sai muka ji jirgin ya tashi, ya biyo ta saman unguwarmu. Ƙyauren ɗakin Dada na kwano ne, in jirgi ya wuce yakan yi kaɗawa. Yaron yana tsaye ya dafa ƙyauren da tafin hannunsa. Na ga ya tsaya cak. Ya dubi hannunsa, ya dubi ƙyauren, sai ya ɗaga kai yana neman abin a sama tun kafin ya ɓullo ta kan katanga. Na tuna turmi, yadda yake jingina bayansa da shi.

Na fito daga madafa na durƙusa a gabansa. Na kama hannun nan nasa na ɗora a maƙogwarona, na danna, na faɗi sunansa. Ya zare ido. Ya janye hannun ya duba tafinsa, ya mayar da hannun a wuyana da kansa, yana kallon bakina.

Dada tana zaune kusa da mu, kuma ta ji. Na jira abin da za ta ce. Ta jawo farantin da ta yar, ta juya mana baya, ta fara goge shi da bakin zanenta.

Ta ce, “Ƙara faɗa masa.”

Na ƙara. Ya yi dariya, ya bubbuga wuyana da yatsunsa don in sake.

Da maigidana ya dawo daga aiki, Dada ce ta gaya masa da bakinta, ta kuma ce ya nemi izini wajen aiki. Muka tafi Yola mu huɗu a motar haya, ita ta riƙe yaron a cinyarta har muka isa. Da likita ya tambayi yadda ciwon ya fara, sai ta taɓa gwiwata ta ce ni zan yi bayani.